Gudun da Ya Kai Mu Bakin Teku

'Yata tana da shekara huɗu ta daina yarda a cire mata takalmi. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, a nan ma ba zan kama ba. Babanta yana ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ni kuwa "ke" ta ishe mu.

Takalmin roba ne shuɗi, mai maɗauri a baya da ɗan ƙarfe da ake saƙalawa a gefe. Ni na saya mata da hannuna. A shekarun nan ne da bam ke tashi a Gombe, yau a ce tasha, gobe a ce kasuwa, muna zaune a gidan haya a Kumbiya-Kumbiya. Ɗakin da ke kallon namu wata Babarbariya ce a ciki, da ta gudo daga Borno da 'ya'yanta. Wata rana muna tsintar wake a tsakar gida ta kira ƙaramin ɗanta, ta ɗaga min tafin ƙafarsa. Duk tabo ne, baƙi-baƙi, kamar an ɗiɗɗiga masa tawada.

"Kin gani? Wannan ba harsashi ba ne, ƙaya ce," in ji ta. "Da suka shigo mana kowa ya fita yadda yake. Tsidau da ƙarangiya suka yi masa haka. Ni dai shawarata, maƙwabciya, ki nema wa taki mai maɗauri, ko barci za ta yi ki bar mata shi. Silifas ba ya gudu."

Kashegari na sayo. Na zaunar da yarinyar a kan cinyata na koya mata abu biyu: takalmi ba ya fita daga ƙafa, in kuma ta ga mutane suna gudu ta bi su, kada ta tsaya tambaya. Ba ni kaɗai ba, duk matan gidan haka muka yi wa 'ya'yanmu.

Ranar da abin ya zo kusa da mu muna dawowa ne daga gidan goggonta. Ƙarar ta fito ta wajen tasha, na ji ta a cikina kafin in ji ta a kunne. Kowa ya watse. Na ga wani dattijo yana gudu da ludayin koko a hannu, bai san yana riƙe da shi ba. Yarinyar nan ta yi gudu kamar yadda na koya mata, ba kuka, ba waiwaye, har muka shiga zauren wasu mutane da ban taɓa sani ba. Da muka huce na ce mata, "Kin ga amfanin takalminki?" Ta gyaɗa kai.

Tun daga ranar ta riƙe maganar fiye da yadda na ba ta. Sauran yaran gidan, da gari ya ɗan lafa, suka koma yawo ƙafa ba komai. Ita ko wanka za a yi mata, da takalmi. A Islamiyya malama ta ce ba a hawa tabarma da takalmi, sai ta zaɓi zama a bakin ƙofa a kan ƙasa, daga can take amsa karatu. Babanta ya gwada ta da biskit, ya gwada da alewa, ya gwada da tsawa. Kakarta ta aiko da rubutu aka ba ta ta sha. Na taɓa lallaɓawa tana barci na kwance maɗaurin, ta farka da wani irin ihu da ya fito da duk mutanen gidan. Ban sake ba.

Da damina ta sauka sai ruwa ya fara cin ƙafar. Tsakanin yatsun ya yi fari ya tsage, wari yana fitowa ta ramukan robar. Tana tafiya tana ɗingishi, amma in ka tambaye ta sai ta ce ba ya zafi. Na kai ta kemis a Herwagana, wurin wata Batangaliya da ta yi aikin asibiti kafin ta buɗe shagonta. Ta durƙusa ta leƙa ta gefen takalmin, ta ɗago ta dube ni.

"Maman yarinya, zan ba ki man shafawa, amma gaskiya ɓarnar magani ce. Ƙafar nan iska take so. In ta ci gaba da zama cikin jiƙaƙƙiyar roba, ciwon zai shiga nama, kuma kin ga yatsun yaro ba su da wani kauri."

Na dawo gida ina kallon yatsun nan ta ramukan takalmi, ina lissafa su a zuciyata kamar wani zai ɓata kafin mu isa.

Maigidana fataucin albasa yake yi. Yana lodi a Kwadon, ya kai kudu har ƙasar bakin teku, ya dawo da manja da busasshen jatanlande. Da aka yi dogon hutun makaranta ya ce mu shirya, da mu zai tafi.

"Ina?" na ce.

"Inda nake zuwa mana. Ki canza iska, Uwata ma ta canza. Ko wata biyu aka yi ba a ji ƙarar komai ba, ai wani abu ne."

"Ni ruwa nake tsoro."

"Ke me ba kya tsoro? Ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai kin yi salati."

Gaskiyarsa. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Dadin Kowa, shi ma daga nesa, ina riƙe da hannun yayata. Amma can ƙasan tsoron akwai wani abu da ke motsi. Shekaru ina wanke rigunansa in ya dawo, ina jin wani wari a jikinsu da ba na Gombe ba, hayaƙi-hayaƙi, gishiri-gishiri. Ina son in ga inda warin yake fitowa.

Motar albasar ta riga mu tashi, mu muka bi a bas. Kafin mu bar jiharmu an sauke mu a shingen sojoji ya fi a ƙirga. Kowa ya sauka, ya ɗaga hannu, ya wuce a ƙafa, mota ta same shi a gaba. Yarinyar tana ɗaga nata hannun tun kafin a ce. Wani soja ya kalle ta, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Ƙaramin yarinya, sauke hannu, ba da kai ake ba." Ba ta sauke ba sai da muka wuce buhunan yashi.

Na ce ba zan runtsa ba a hanyar nan, kuma ban cika runtsawa ba, amma ba don tsoro kaɗai ba. Ido ne ya hana ni. Duwatsun Kaltungo na san su. Daga gadar Numan komai ya zama sabo. Binuwai ta cika ta yi jajir, kwale-kwale a kanta kamar ɓawon gyaɗa. Gaba da Wukari gonakin doya suka fara, tudu-tudu kamar an kife ƙwarya dubu a fili. Ina ta neman kuka ta taga, itacen da tun ina yarinya nake gane hanya da shi, har na lura na daɗe ban ga ko ɗaya ba. Itatuwan can ba sa tsayawa ɗai-ɗai kamar namu, kowanne da inuwarsa. Cunkushe suke, wani ya hau kan wani, har sukan haɗe kai a saman titi mota ta shiga duhu da rana tsaka.

Ruwan samansu ma daban ne. Mu sai hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, kowa ya kwashe shanya, sannan ya sauko. Can ba ya sallama. Kana zaune sai ka ji shi a kan rufi, kuma ba wanda ya damu. Na ga tsohuwa a kan babur, ita ke tuƙawa, da lema a hannu ɗaya da damin ayaba a baya. Na ga kaburbura a ƙofar gida, an yi musu ado da tayil fiye da ɗakin masu rai, yara suna zaune a kai suna cin masara. Na taɓa maigidana na nuna masa.

"Haka suke yi," ya ce. "Ba sa kai nasu nesa."

Na daɗe ina tunanin wannan. Ban ga laifinsa ba, ban kuma iya cewa zan iya ba.

A Kalaba muka huta a unguwar Hausawa, sannan muka shiga kwale-kwale mai inji. Aka ba mu wata riga mai kumburi ruwan lemu, wai ko an kife ba za ka nutse ba. Na ɗaure tawa, na ɗaure ta yarinyar har sai da ta ce ba ta iya numfashi. A bakin ruwan akwai wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye a waje, dogaye, kamar mata sun tattare zane kada ya jiƙe. Na manta ina tsoro na ɗan lokaci ina kallonsu. Daga inda muka sauka wata tsohuwar mota ta kai mu ƙauyen masunta, inda maigidana ke sayen jatanlande.

Kafin in ga teku na ji shi. Muna sauka daga mota na ji wani gim, can nesa, ya yi shiru, ya sake gim. Yarinyar ta damƙe hannuna. Ni ma ƙafata ta tsaya.

"Ruwa ne," in ji babanta. "Wallahi ruwa ne kawai. Haka yake yi dare da rana, ba ya gajiya."

Masaukinmu gidan wata mata ce mai bandar kifi, wadda ta daɗe tana ciniki da shi. Babbar mace ce, ta haifi kamata, hannuwanta sun yi baƙi da hayaƙi. Mahaifinta soja ne, a barikokin Arewa ta girma, don haka tana jin Hausa, tana ma da zagi iri-iri da ni ban sani ba. Kowa Mama yake ce mata. Tana ganina ta buɗe hannu.

"Matar mai albasa! Ashe da gaske kana da mata? Na ɗauka ƙarya kake, don kada in ba ka ƙanwata."

Da na shiga bayan gidanta na ga jerin tanda, kifi a kan waya, hayaƙi yana tashi a hankali, sai na gane warin rigunan nan. Kamar na haɗu da wanda na daɗe ina jin labarinsa.

Jikokinta suna ta tsalle a tsakar gida, ba mai takalmi ko ɗaya. Mama ta dubi ƙafar 'yata, ta ja hanci.

"Wannan ƙafa ya ruɓe fa. Zo, 'yar Gombe, cire in gani."

Yarinyar ta shige bayana ta riƙe zanena. Na ba Mama labari a gajarce, da murya ƙasa-ƙasa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Ruwan gishiri yana warkar da irin wannan," ta ce. "Duk masuntanmu da shi suke warkewa. Amma sai ƙafa ya fito. Ki bar ta, kada ki matsa."

Da yamma maigidana ya kai mu muka ga tekun. Ban san yadda zan faɗa ba. Na saba duk abin da na kalla yana da ƙarshe: gona tana da iyaka, kogi yana da tsallake. Wannan ba shi da tsallake. Ya tafi har ya haɗu da sama, kuma duk faɗinsa motsi yake. Yana tasowa ya naɗe kamar tabarma, ya faɗi, ya shimfiɗo farin kumfa har kusa da ƙafarka, ya ja da baya. Na sa yatsa na ɗanɗana. Gishiri ne har da ɗaci.

"Wa ya zuba masa?" na ce.

"Wanda ya zuba wa rake zaƙi."

"Ana alwala da shi?"

"Na tambayi limamin Kalaba, ya ce mai tsarki ne. Sai dai in kin kurkure baki za ki gane kurenki."

Na sa alama da wani kututturen kwakwa da ruwan ke taɓawa. Da safe na koma ni kaɗai don in tabbatar ba mafarki na yi ba, sai na tarar ruwan ya gudu. Kututturen yana tsaye a busasshen yashi, jiragen da na bari suna lilo a kan ruwa duk sun kwanta a gefe ɗaya kamar shanu masu tuƙa. Ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a karkace suna shigewa rami. Na dawo da sauri.

"Mama, an rufe dam ne?"

"Wane dam?"

"Ruwan ya janye. A wurinmu in ruwa ya ragu haka, to an rufe ƙofa a Dadin Kowa."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta fassara wa matan da ke fasa itace, su ma suka kwashe. Sannan ta ce min kullum haka yake, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa, wai wata ne ke jansa. Na dubi sama, rana ce tsaka, ba wata ba alamarsa. Ban yi musu ba, amma har yau ban gama yarda ba. Abin da na tabbatar da idona shi ne yana dawowa, don na zauna na jira shi, ya zo ya sake taɓa kututturena.

Duk wannan kallo yarinyar tana gefena da takalminta. Yashi yana shiga, ya haɗu da ciwon, ɗingishin ya ƙaru. Da safe ina tura man kemis ta ramukan robar da tsinken ashana. Na fara ganin ja yana hawa saman ƙafar hagu.

Ranar da abin ya faru maigidana ya tafi wani gari ɗaukar manja. Ina bayan gida ina wanke tukwane, yarinyar tana zaune a kan turmi. Mama ta fita. Sai na ji usur, dogo, mai kaifi. Wani ya amsa daga wani gefe. Sai ihu, maza da mata, da yarensu da ba na ji. Na leƙa ta katangar kara. Abin da na gani na san shi sarai: bayan mutane. Kowa ya ba ni baya yana gudu gefe ɗaya. Wata mata ta fizgi jaririnta daga tabarma ta saɓa a kafaɗa. Wani tsoho yana ɗingisawa da sanda yana ƙoƙarin cim musu.

Ban san lokacin da na saki tukunya ba. Ban ce wa yarinyar komai ba, don kafin in juyo ta riga ta miƙe ta miƙo min hannu. Muka fita. Hijabina a hannu, ban samu sawa ba sai a hanya.

Muka bi su ta tsakanin gidaje. Ina gudu ina waiwaye, ina neman hayaƙi, ina kasa kunne in ji harbi. A raina ina cewa, har nan? Har nan suka iso? Na ga matan suna riƙe da baho da daro, duk ba komai a ciki, amma hakan bai ce min komai ba, ni da na ga mai gudu da ludayi. Na ga wasu yara suna dariya, na ce yara ne, ba su san abin da ake ciki ba.

Da muka bar ƙasa mai tauri muka faɗa yashi, gudun ya gagara. Takalminta yana cika, yana nutsewa, kowane taku sai ta fizgo ƙafa. Ta faɗi, ta tashi. Jikokin Mama suka wuce mu fiu, har wanda bai kai ta girma ba. Ta sake faɗuwa. Na ɗauke ta a ƙugu, na ci gaba, numfashina yana fita da ƙara.

Muka fito daga cikin itatuwan kwakwa, sai ga teku a gabanmu.

Nan na tsaya. Ba inda za a ƙara. A Gombe in ka bi masu gudu za su kai ka wani lungu, wani zaure, wani daji. Waɗannan sun kawo ni inda ƙasa ta ƙare. Na ce ko jirage za su kwashe mu? Wa zai ɗauki baƙuwa ya bar nasa? Na rungume yarinyar na juya bayana ga ruwa, ina kallon hanyar da muka fito, ina innalillahi, ina jiran in ga abin da zai ɓullo.

Abin da ya ɓullo Mama ce, da ƙaton baho a ka, tana haki.

"Matar mai albasa! Kai, ashe kina da gudu! Wa ya gaya miki? Zo, zo, kama nan kafin wuri ya cika!"

"Mama, su waye? Ta ina suka shigo?"

"Su wa?"

"Waɗanda ake gudu."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskata, ta dubi yarinyar da ta cusa kai a wuyana. Dariyar ta koma. Ta sauke bahon a hankali.

"Ba kowa, 'yata. Kifi ne ya shigo. Taru ake ja."

Sai a lokacin na juya na kalli abin da mutanen ke yi. Wata igiya ce mai kaurin hannu ta fito daga cikin teku, mutane sun jeru a kanta, can gaba kuma wata irinta da nata jerin. Tun da asuba jirage suka kai tarun ciki suka zagaye, yanzu sai an jawo shi da ƙarfin mutane. Mama ta ce min al'adarsu ce: duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabo a kifin, ɗan gari ko baƙo, babba ko yaro. Wanda ya zo bayan taru ya fito, sai kallo. Shi ya sa in usur ya tashi ba mai jiran wani.

Na sauke yarinyar a kan yashi. Mama ta kama hannuna ta ɗora a kan igiyar, ta danne da nata.

"Jikinki yana rawa. Ba wa igiya rawan. Ja!"

Na ja. Igiyar jiƙe take, tana da kaushi, tana kuma ja da baya kamar akwai mai rai a ɗaya bakin. Wani mutum yana ba da waƙa, a amsa masa, a ja tare, a taka baya. Ban san abin da suke cewa ba, amma na gane inda ake ja. Hawaye suna zubo min, ba wanda ya kula, don kowa fuskarsa a jiƙe take. Can sai tarun ya fito, ya kumbura, yana walƙiya yana motsi. Na ga kifi dogo siriri kamar ɗamara. Na ga wani faffaɗa kamar faifai, idanunsa duka biyu a gefe ɗaya, na juya shi da yatsa don in ga ko akwai wasu a ƙasa, babu. Mai rabo ya bi layi yana zuba wa kowa. Da ya zo kaina ya ga ba ni da baho, sai na tara masa bakin hijabi, mata suna ta yi min tsiya da yarensu.

Yaran da suka kama igiya kowanne ya samu cikin tafin hannu. 'Yata tana tsaye inda na ajiye ta, hannu a baya, tana kallonsu. Ba ta kama ba, ba a ba ta ba.

A hanyar gida, da muka shiga inuwar kwakwa, yarinyar ta ɗago ta dube ni.

"Inna, ba wanda ya biyo mu?"

"Babu."

"To me ya sa muka gudu?"

"Kifi aka kamo. In ka riga zuwa, a ba ka."

Ta ɗan yi tafiya tana ɗingishi.

"Sun riga mu," ta ce. "Har ƙaramin."

"Sun saba ne."

"Ba su da takalmi."

Muka ci gaba da tafiya. Da na ba babanta labarin gudunmu ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba, ya tashi ya tafi alwala.

Ruwan sama ya hana fita teku na 'yan kwanaki. Ranar da ya ɗauke, ina shanya, usur ya sake tashi. Ko da na san ma'anarsa sai da gabana ya faɗi. Na juyo na ga yarinyar zaune a bakin ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan gwiwa, tana kokawa da ɗan ƙarfen nan da ya yi tsatsa.

"Inna, cire min! Yi sauri, za su riga mu!"

Na durƙusa. Na gwada da hannu, ƙarfen ya ƙi. Na sa haƙori. Takalmin ya fita da wata 'yar ƙara kamar an ɓare manne. Ƙafar ta yi fari fat, ta yamutse, shatin maɗaurin ya zauna a fata kamar an zana. Na daɗe ban ga yatsun nan a fili ba. Duk suna nan.

Ba ta bar ni na gama kallo ba. Ta kwashi takalman a hannu ta ruga. A kan ƙasa mai tauri tana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan garwashi, amma da ta shiga yashi sai ta miƙe. Ba ta riga kowa ba, amma ba a bar ta a baya ba. A bakin igiya ta ga hannu ɗaya ba zai yi ba. Ta dubi takalman, ta dube ni.

"Riƙe min. Kada ki ajiye."

"Ba zan ajiye ba."

Ta kama igiya tsakanin jikokin Mama. Kumfa ya taho ya rufe mata ƙafa har idon sawu. Ta ƙwalla ƙara, don gishiri ya sami ciwo, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar, tana kuka tana tsalle. Na yunƙura zan ɗauke ta, Mama ta tare ni da gwiwar hannu.

"Bar ta. Kin ga ta saki igiya?"

Ba ta saki ba. Da mai rabo ya zo ta tara hannu biyu, ya cika mata da ƙananan kifaye. Ta kawo su gida da kanta, ta tsaya a kan Mama sai da aka gasa mata nata daban, ba a haɗa da na kowa ba.

Daga ranar, in usur ya tashi ta cire, in an dawo ta mayar. Sannu a hankali mayarwar ta riƙa jinkiri: sai ta ci abinci, sai ta gama wasa, wata rana har la'asar. Tsagar ta bushe, jan ya sauka. Kafin mu kamo hanyar gida sabuwar fata ta fito tsakanin yatsun, ja-ja kamar ta jariri.

Da muka dawo Kumbiya-Kumbiya na raba tsarabar kifi. Maƙwabciyata Babarbariya ta ga yarinyar tana tsallake tsakar gida ƙafa ba komai.

"Kin cire mata?"

"Ita ta cire."

Ta bi yarinyar da kallo. "Nan ba bakin teku ba ne, maƙwabciya," ta ce.

"Na sani."

Kuma na sani ɗin. Gari bai gama lafawa ba, shingaye suna nan. Takalman ma suna nan, wajen kan tabarmarta take ajiye su, a jere, bakinsu yana kallon ƙofa. Ban hana ta ba. In tayar mota ta fashe a titi, hannunta yakan kai kansu kafin ta ɗago.

Bayan damina ta wuce, wata safiya muka ji ihu a layinmu, da dirin ƙafafu. Na fito da gudu daga madafa. Ta riga ni isa zaure, takalma a hannu, ba ta sa ba. Mutane suna wucewa a guje ta bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube ni.

"Inna, kifi ne, ko ɗaya abin?"

Na leƙa. Sa ne ya tsinke wa mahauta, yana tafe da igiya a wuya, samari suna binsa suna sowa.

"Sa ne ya kwance," na ce.

Ta matsa ta tsaya a dokin ƙofa, yatsunta a kan siminti mai sanyi, ta leƙa kai waje don ta gan shi da kyau.